Shawarar Gwaggo: Dala 2,500 kuɗin hoto kawai, kafin a taɓa Hajiya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Mahaifiyarmu, mai shekara 68, ta fi shekara tana fama da ciwon ƙugu da ke saukar mata har ƙafar hagu, yanzu ma a zaune take sallah, kuma tana da ciwon suga. Wata huɗu da suka wuce an yi mata hoton MRI a nan Kano. Likita ya ce jijiya ce ta matse, a gwada magani da gashi, in bai yi ba a yi maganar aiki. Sauƙin da aka samu kaɗan ne. Sai Yayana ya samo wani ejan da ke kai marasa lafiya Alƙahira, ya turo mana takarda ta WhatsApp, an rubuta gwaje-gwaje da hotuna dala 2,500, ban da kuɗin aiki da jirgi da masauki. Da na ce a tambaya wane hoto ne da wane, kuma me ya sa za a sake wanda muka riga muka yi, sai Yaya ya ce a gaban ƙannenmu wai ina ciniki da lafiyar uwata. Maganar ta tsaya mini a rai. Ni zan fi kowa bayarwa, kuma har an fara zancen sayar da fulotin da Baba ya bar mana. Laifi na yi? Kuma kuɗin nan haka yake? Daga ɗanki a Kano.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya kuma saka muku da kuke tsaye a kanta.

Ba ka yi laifi ba. Tambayar da ka yi ita ce wadda duk likitan kirki zai yi in ka miƙa masa takardar nan, domin layi guda da aka rubuta "gwaje-gwaje da hotuna" bai gaya wa kowa komai ba. Kai da kanka ba za ka biya kuɗin dila a Kwari ba sai ka san yadi nawa ne a ciki kuma wane iri, balle abin da za a yi a jikin mahaifiyarka. Zan zo kan maganar Yaya, amma akwai abin da ya fi ta gaggawa.

Idan Hajiya ta fara kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ta ce ba ta jin ruwa idan tana tsarki, ko ƙafar tana ƙara mutuwa kullum har tana jan ta a ƙasa, to ku ajiye zancen biza da fuloti, ku kai ta asibiti a ranar, a nan Kano. Waɗannan alamu ne na cewa jijiyoyin ƙarshen laka sun matse sosai, kuma jinkirin kwana biyu kan bar nakasar da ba ta gyaruwa. Haka kuma in akwai zazzaɓi mai naci ko rama ba dalili, a gaya wa likitanta. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuna da lokacin da za ku yi tunani, kuma mako biyu na tambaya ba zai cutar da ita ba.

To, kuɗin nan haka yake? Ba mai iya ce maka e ko a'a sai an buɗe layin. Ga yadda asibitocin kuɗi ke lissafin hoto, a Masar ne ko a Indiya ko a Dubai. Ba na'urar ake biya sau ɗaya ba, sashen jiki ake biya. Ƙashin baya a wurinsu kashi uku ne: wuya, tsakiyar baya, da ƙugu. Wanda aka rubuta wa "duka ƙashin baya" yana iya biyan kuɗin hoto uku, alhali ciwon Hajiya a ƙugu yake. Sannan akwai ruwan da ake sawa a jijiya don hoton ya ƙara fitowa, shi ma kuɗinsa daban, har da allurar da ma'aikacin da ya saka. Akwai kuɗin likitan da zai karanta hoton ya rubuta rahoto, wani wurin yana ciki, wani wurin ana ƙara shi. In mara lafiya ba zai iya kwanciya shiru ba aka yi masa allurar barci, wannan wani lissafin ne babba. Akwai ma bambanci tsakanin na'urar MRI mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 1.5 da mai Tesla 3, ta biyun ta fi tsada a yawancin wurare, kuma don ciwon ƙugu irin na Hajiya ta farkon ta wadatar.

Maganar ruwan nan ina so ka riƙe ta da kyau, saboda suga. Matsewar jijiya a ƙugu, ga wanda ba a taɓa yi wa aiki a baya ba, galibi ana ganinta sarai ba tare da ruwan ba. Ana buƙatarsa ne in ana zargin ƙari, ko ƙwayar cuta ta shiga ƙashi, kamar tarin fuka na ƙashin baya wanda muke gani a ƙasar nan, ko kuma an taɓa yanka wurin. Ruwan MRI da na CT, wani nau'in hoton cikin jiki, ba iri ɗaya ba ne, amma dukkansu ta ƙoda suke fita, shi ya sa ake duba ƙodar mai suga da dattijo kafin a saka. Masu shan maganin suga na metformin da ƙodarsu ta yi rauni har akan ce su dakata da shi kwana biyu bayan ruwan CT. Ka ga wanda ya tambaya ko za a sa ruwa, ƙodar uwarsa yake karewa, ba aljihunsa kaɗai ba. Gwajin ƙodar kuwa jini ne kaɗan da za a ɗiba a kowane ɗakin gwaji mai kyau a Kano, a naira.

Sai kuma farashi biyu. Kusan ko'ina baƙo ba ya biyan abin da ɗan gida ke biya. Ko a Ingila, tun 2015, baƙon da ba shi da haƙƙin magani kyauta ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na farashin asibitin gwamnati, kuma a rubuce yake a doka. Asibitocin kuɗi da ke neman 'yan ƙasar waje su ma suna da nasu jadawalin na baƙi, a dala. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 a kan dala ɗaya zuwa wajen 50, don haka abin da aka yi wa farashi da fam ya yi wa mai dala araha, wanda aka yi wa farashi da dala kuwa bai motsa ba. Alƙahira cike take da cibiyoyin ɗaukar hoto masu zaman kansu, waɗanda ba asibiti ba ne, hoto kawai suke yi. Tambaya ce halal ka ce: likitan zai karɓi hoton da aka yi a waje? Wani zai karɓa, wani zai ce sai na gidansu, amma amsar za ta nuna maka irin mutanen da kake hulɗa da su.

Mu ma namu kuɗin ka san halin da ya shiga. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. In ka ɗauki 1,500 ɗin, takardar nan ta kama naira miliyan 3 da dubu 750, kuma ba a ba Hajiya ko ƙwaya ɗaya ba tukuna. Mutane da yawa har yanzu tsohon lissafi suke yi, na lokacin da maƙwabci ya kai mahaifinsa ya dawo bai ji a jikinsa ba. Ka je Wapa ka ji farashin yau, ka rubuta shi a gefen takardar, kowa ya gani da naira.

Yanzu ga abin da nake so ka yi, kuma shi ne zuciyar maganata: faifan Hajiya ya riga ta tafiya. Lokacin da aka yi mata MRI, ko dai an ba ku faifan CD, ko kuma baƙar leda mai hotuna da takardar rahoto kawai. Na san yadda muke yi. A ɗaga ledar a jikin taga, a ɗauka da waya, a tura ta WhatsApp, labule da ƙarfen taga duk sun fito a ciki. Babu likitan da zai yanke hukuncin yanka bayan mutum da wannan, kuma in shi kuka tura, to ku ne kuka ba su hujjar cewa sai an sake. Abin da ke cikin ledar zaɓaɓɓun hotuna ne kaɗan. Cikakken aikin, ɗaruruwan yanka-yanka da likita zai bi ɗaya bayan ɗaya yana ƙara girmansu, yana cikin faifan, a tsarin da ake kira DICOM, wanda kwamfutar kowane asibiti a duniya ke buɗewa. In ba a ba ku ba, ka koma inda aka yi hoton da rasit da sunan Hajiya da ranar, ka ce a sa maka a faifai ko a filashi. In an ba ku, ka nemo shi daga aljihun mota inda rana ke dafa shi, ka sa a buɗe a kwamfuta a gabanka ka tabbatar yana aiki, ka yi kwafi biyu. Duk wani yaro mai shagon kwamfuta zai iya ɗora maka shi a intanet ya ba ka adireshin da za ka tura.

Ka tura shi ga asibitin kai tsaye. Manyan asibitocin da ke karɓar baƙi suna da ofishin marasa lafiya 'yan ƙasar waje, da imel da lambar waya a shafinsu. Ka haɗa da rahoton likitan Kano, da jerin magungunanta, da sakamakon suga da ƙoda. Ka roƙi abu biyu a rubuce: ra'ayin likitan da zai yi aikin bayan ya ga faifan, da kuma lissafi dalla-dalla a kan takardar asibitin mai tambarinsu, kowane hoto da sunansa da sashen jiki da farashinsa, da ruwa ko babu. Ka yi hakan da asibiti biyu, ko da ɗayan a Indiya ne, ba don lallai za ku je can ba, sai don ka ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Abin da duka biyun suka nema, mai yiwuwa ana buƙatarsa. A kan kowane abu da ɗaya kaɗai ya rubuta, tambayarka guda ce: in aka yi wannan hoton, me zai canza a maganin da za a yi mata? Likitan da ya san aikinsa zai amsa maka a layi biyu.

Kada kuma ka tafi da zuciyar cewa duk wanda ya ce a sake hoto ɓarawo ne. Akwai dalilai na gaskiya. In Hajiya ta motsa a cikin na'urar, hoton kan yi dishi-dishi, kuma mai ciwon ƙugu da aka ce ya kwanta a miƙe minti 20 ko 30 cikin wannan ƙarar, da wuya bai motsa ba. In ciwon ya sauya salo tun bayan hoton, ko watanni sun ja kafin ranar aiki, likita na da haƙƙin son sabo. In za a sa mata ƙusoshi a ƙashin baya, yana iya neman CT don ya auna ƙashin, da hoton ƙashi na tsaye tana sunkuyawa tana miƙewa don a ga ko ƙashin na zamewa, da gwajin ƙwarin ƙashi, tunda ƙashin mace kan yi laushi bayan daina al'ada. Waɗannan duk suna da ma'ana. Sai dai yawancinsu ana yin su a garin nan. Akwai cibiyar gwaje-gwaje ta NSIA a cikin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai cibiyoyi masu zaman kansu, ga Asibitin Ƙashi na Dala. In likitan can ya rubuto ainihin abin da yake so, ana iya yin sa a nan mako guda kafin tafiya, a biya da naira, Hajiya ta kwana a ɗakinta.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin hoto a waje ba ya tsayawa a farashin hoton. Yau a ga likita, gobe a yi hoto, jibi a jira rahoto, gata Juma'a ce ba aiki, sai a sake neman ganin likita. Kowace rana akwai kuɗin ɗaki, da abincin mutum biyu ko uku, da mota, da tafinta. Mako guda kan tafi a haka kafin a sa ranar aiki. Na sha ganin iyalai da suka tafi da kuɗin da suke ganin ya isa, gwaji da zaman jira suka cinye kashi mai tsoka, ranar da aka ce ga kuɗin aiki sai aka koma kiran gida ana neman rance. Aiki da gashin da zai biyo bayansa su ne za su tayar da Hajiya tsaye in Allah Ya so, don haka su za ku tanadar wa kuɗin.

Akwai kuma wata illa ta yawan hoto da mutane ba su cika sani ba. Na'urar nan ba ta rasa abin gani a jikin dattijo. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, ya samu cewa guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya fara lalacewa a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, ya kai kashi 96 a 'yan shekara 80. Lafiyayyu ke nan. To in aka ɗauki Hajiya daga wuya har ƙugu, aka ƙara ciki da ƙirji da sunan duba lafiya gaba ɗaya, tabbas za a samo wani abu: ɗan ƙulli a nan, 'yar inuwa a can. Kowanne sai ya jawo wani gwajin, da wani kuɗin, da wani tashin hankalin, alhali ƙafar hagu ce ta kai ku. Likitan kirki yana haɗa abin da ya gani a hoto da inda mara lafiya ke nunawa da hannu.

Shi kuwa ejan, ba na zaginsa. Wasu suna da amfani ƙwarai, su tarbe ka a filin jirgi, su sama maka masauki, su yi maka tafinta a ƙasar da ba ka jin harshenta. Amma sana'a yake yi, kuma da yawansu la'adarsu daga asibitin take fitowa, gwargwadon abin da ka kashe. Ka tambaye shi kai tsaye nawa ne kuɗin hidimarsa, ku biya shi wannan a fili. Kuɗin asibiti kuma a biya a asusun asibiti ko a teburin karɓar kuɗinsu, a karɓi rasit mai sunan Hajiya. Kada ku tura kafin alƙalami cikin asusun mutum. In ya ce asibitin ba ya ba da lissafi dalla-dalla, ka ce ya ba ka imel ɗinsu ka ji daga bakinsu. Kuma duk hoton da aka yi mata a can, kada ku hau jirgi sai da faifansa da rahotonsa da Turanci, domin likitan Kano ne zai ci gaba da ganinta.

Kafin duk wannan ma, da ni ce, zan ɗauki faifan in kai wa likita na biyu a nan gida, na ƙashin baya a Dala ko na tiyatar jijiya da laka a Malam Aminu Kano. Kuɗin kati da na ganin likita ne kawai. Yana iya cewa aikin ya zama dole, yana iya cewa akwai sauran matakai, kamar allurar da ake yi a kusa da jijiyar. Ko da a ƙarshe Masar ɗin za ku tafi, za ku tafi kun san sunan aikin da kuke nema, kuma wanda ya san abin da ya zo saya ba a cika jibga masa kaya ba.

Yaya kuma, kada ka riƙe shi. Mutum ne da ke ganin uwarsa tana sallah a zaune, ya rasa yadda zai yi, tafiyar nan ita ce abin da ya samu ya kama. Wanda ya taɓa ta kamar shi ya taɓa. Abin da ya faɗa a gaban ƙanne bai dace ba, amma in ka nemi ya janye a gabansu, rigimar za ta bar kan Hajiya ta koma kan girma. Ka same shi shi kaɗai bayan isha, ka fara da faɗin abin da za ka bayar, adadinsa, ka ce yana nan ko an tafi ko ba a tafi ba. Da zarar ya ji haka, zargin rowa ya faɗi. Sannan ka ce, "Yaya, so nake kuɗin ya kai mu har ƙarshen aikin, ka ba ni mako biyu in tura faifan." Ka sa shi a cikin saƙonnin, amsar asibiti ta zo muku tare, har ma ka bar shi ya karanta wa ƙannen. Fulotin kuwa gado ne, akwai haƙƙin kowa a ciki har da matan da ƙila kunya ta hana su magana, don haka kada a sa shi a kasuwa sai an ga cikakken lissafin aiki a rubuce. Filin da aka sayar cikin gaggawa dillalai ne ke cin ribarsa.

A cikin wasiƙarka duka ban ji abin da Hajiya ta ce ba. Ka zauna kusa da ita ka tambaye ta yadda ta ji a cikin na'urar wancan karon, ko ta iya kwanciya har aka gama, ko ta ji kamar numfashinta zai ɗauke. In ta sha wuya, a gaya wa likita ya ba ta maganin ciwo kafin a shiga, kada a kai ga allurar barci. Ka tambaye ta ko akwai wani ƙarfe a jikinta daga tsohon aiki, a rubuta shi a cikin saƙon, har da haƙorin Makka in tana da shi, duk da galibi ba ya hana komai. Ranar hoto kuma a bar awarwaro da 'yan kunne da fil ɗin mayafi a gida, kada a sa kwalli. Sannan ka tambaye ta ko tana son a yi mata aikin ma, da kuma wa take so ya raka ta in tafiyar ta tabbata, domin mace ce za ta taimaka mata a banɗaki da wanka bayan aiki, kuma tikiti da bizar wannan 'yar rakiyar ma sai sun shiga lissafinku.